Ranar da Uwata Ta Rera Faransanci

Da sunan Allah nake farawa, shi ne mai buɗe bakin da ya ga dama a lokacin da ya ga dama.

Jikata ta fari sunan mahaifiyata aka sa mata, don haka ban taɓa kiran sunanta ba. Uwata nake ce mata. Ubanta kuwa ɗana ne na fari, shi ma bakina bai saba da sunansa ba, in ina nemansa sai in ce a kira mini yaron nan, ko da yake yanzu furfura ta fara taɓa gemunsa. Direban babbar mota ne, yana ɗaukar kaya daga tashar jiragen ruwa ta Lome ya nufi arewa, sai ya yi makonni ba mu gan shi ba.

Ni a nan Zangon Lome aka haife ni. Kakana ne ya biyo hanyar fataken goro ya sauka a bakin teku, ya ƙi komawa. Abin da na gada a wurinsa allo ne da tawada. Ina da zaure a ƙofar gida inda yara ke zuwa karatu da safe da kuma bayan la'asar, 'ya'yan Zabarmawa da na Kotokoli da na Fulani da na Mosawa, kowa da harshen gidansu, amma in sun shigo zaure Hausa ce ke haɗa su. Ajami nake rubutawa, shi nake karantawa. Boko kuwa, in na ga baƙaƙensa a jikin bango sai mu gaisa daga nesa, kowa ya kama gabansa.

Uwata ta tashi da i'ina. Tun tana ƙarama magana ke maƙale mata a baƙin farko. Za ta ce Kaka, sai ka ji ka, ka, ka, ta rufe ido, ta buga ƙafa a ƙasa, kafin sauran ya fito. A gida mun saba. A lakwal ba su saba ba. Makarantar gwamnati ce, tana ƙetaren babban titin da manyan motoci ke bi, kuma a can yadda ake gwada karatu shi ne yaro ya miƙe tsaye da littafi a hannu, ya karanta da ƙarfi a gaban 'yan ajinsu, malami ya sa masa maki. Uwata in ta miƙe sai harshe ya ƙi. Yara su fara dariya, ita kuma ta yi shiru, ta sunkuyar da kai har a ce ta zauna. Da haka ta maimaita aji. Shekarar da nake ba da labari ita ce ta biyu a wannan ajin, kuma jarrabawar ƙarshen shekara ta matso.

Wata rana ubanta ya dawo daga tafiya, ya shigo zaure bayan yara sun tashi, ya zauna can gefen tabarma yana kallon ƙofa.

"Baba, yarinyar nan in ta sake faɗuwa zan cire ta."

"Ka kai ta ina?"

"Gwaggonta na neman mai taya ta zaman shago a kasuwar Asigame. Ko ninke atamfa ta koya, sana'a ce. Kullum sai ta dawo ido jawur, ni ban ga amfanin wahalar ba."

Ban ga laifinsa ba, tausayinta ne ya sa shi faɗin haka. Amma na san abin da shi bai sani ba, domin yana hanya ni kuwa ina zaure. Yarinyar nan in ta ɗauki allonta ta fara rangaji, ta sa karin karatu irin namu, babu inda harshenta ke tuntuɓe. Kuma ba Alƙur'ani kaɗai ba. Waƙoƙin wa'azi na Ajami da na gada, waɗanda takardunsu suka yi ja don tsufa, takan ɗauka ta bi su da yatsa tana rerawa tiryan-tiryan. Sai ta ajiye takarda ta ce za ta roƙi ruwan sha, nan i'ina za ta dawo. Ikon Allah ke nan, na daɗe ina kallonsa ban san abin da zan yi da shi ba.

Na ce masa ya bari a ga ƙarshen shekara. Ya ce to, amma magana tana nan yadda ya faɗe ta.

Da gari ya waye na sa babbar riga na ƙetara titi. Ban taɓa shiga makarantar ba sai ran nan. Malamar ajinsu mace ce mai matsakaicin shekaru, Kirista, da ɗan gicciye a wuyanta, daga unguwar Aveji take zuwa kullum a bayan zemijan, wato babur ɗin haya. Madam kowa ke ce mata. Ni ba na jin Faransanci, ita kuma Hausarta ta sayen nama ce a kasuwar Zango, sai muka haɗu a yaren Mina, wanda duk ɗan Lome ke ji.

"Alfa, jikarka ba ta da fitina," in ji ta. "Rubutunta ma da kyau. Amma karatu da baki ake yi, ita kuwa ba ta buɗe baki. Me zan sa mata?"

"Madam, a gida tana karatu."

Ta yi murmushi. "Ban taɓa ganin kakan da ya ce jikarsa ba ta karatu a gida ba."

"Gaskiyarki. To ki zo ki ji da kunnenki, in ƙarya na yi kin ga sai ki ƙara ni cikin sauran kakanni."

Ta yi dariya, ta ce ran Laraba ba su da aji da yamma. Na koma gida ban sa rai ba. Mace mai aji cike da yara, ga nata gidan, wa zai ce ta hau babur saboda maganar wani tsoho?

Ran Laraba bayan la'asar sai ga ta a ƙofar zaure, ta yafa gyale a kanta, ba wanda ya ce ta yi. Ta cire takalmi ta zauna a kujerar da aka kawo mata. Yara suka yi tsit, waɗanda ke ajinta suka fara ɓuya a bayan allunansu. Na ce kowa ya ci gaba da karatunsa, na kira Uwata ta zauna kusa da ni, na miƙa mata ɗaya daga cikin waƙoƙin wa'azi. Ta dubi Madam, ta dube ni. Na ce, "Uwata, yi kamar babu kowa." Ta fara rangaji a hankali, murya ta fito, ta bi baiti bayan baiti har ƙarshen shafi.

Madam ta gyara zama. Da ta buɗe baki, abin da ta faɗa bai yi mini daɗi ba a lokacin, amma gaskiya ce.

"Alfa, muryar na ji ta. Amma yaranku na san su, abin da suka haddace suke rerawa. Ina da su a aji, yaro ya karanta mini shafi guda littafin yana kife. Ta yaya zan san idonta ne ke karatu ba kunnenta ba?"

Na ce wannan ciwo ni ma ina fama da shi a zauren nan. Akan sami yaro ya yi nisa a hadda, in ka nuna masa baƙi ɗaya a tsakiyar layi sai ya koma farkon sura yana lalube.

Ta ce to mu fita waje. Muka tsaya a bakin ƙofa, ta leƙa tsakar gida ta ga akuyar da ke ɗaure a gindin mangwaro, ta raɗa mini wata magana da Mina, ta ce in rubuta ta da Hausa da irin rubutuna. Ban rubuta a allo ba, domin allon yara na ayoyi ne, ko ruwan wankinsa ba a zubarwa ko'ina. Na nemo farar takarda, na tsoma alƙalami a tawada na rubuta, ina dariya a ciki. Muka koma na miƙa wa Uwata.

Ta ɗora yatsa, ta ɗauki kari kamar mai shirin wa'azi, ta rera: "Akuyar Kaka ta cinye hular Kaka, Kaka ya tafi kasuwa da..." Nan ta tsaya, ta dubi kaina, ta fashe da dariya har takarda ta faɗi. Sauran yara suka ɗauka.

"Da me?" in ji Madam da Hausarta.

Uwata ta ɗauki takarda ta ƙarasa, tana rerawa tana dariya: "da ƙwarya a ka."

Madam ta ce mini, "Wannan dariyar ita nake nema. Wanda bai gane abin da ya karanta ba ba ya dariya a tsakiyar layi."

Sai ta buɗe jakarta ta ciro alli da ɗan allon lakwal baƙi, ta rubuta layi biyu na Faransanci, ta miƙa wa yarinyar, ta ce ta yi masa yadda ta yi wa wancan. Uwata ba ta karɓa ba. Ta juyo gare ni, ta sha fama da harshenta kafin ta fitar da tambayar: ya halatta?

Na gane abin da ke damunta, ni ma ya taɓa zuciyata. Karin da muke karanta Alƙur'ani da shi ba abin wasa ba ne, ba zan so a ɗora shi a kan kowace magana ba. Na tsaya ina tunani, Madam kuma ba ta matsa ba, ta jira. Can na ce, "Uwata, na tilawa ki bar shi inda yake. Amma karin waƙoƙin nan mutane irinmu ne suka yi shi don a ji daɗin koyo. Ɗauki shi." Ta karɓi allon. Yatsanta ya fara zuwa dama bisa sabo, ta mayar da shi hagu, ta fara rangaji. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma na ji babu inda ta tsaya. Faransanci ne da karin wa'azin mutanen da, abin da kunnena bai taɓa ji ba. Madam ta dafe baki da hannu, ta juya fuska wajen ƙofa na ɗan lokaci.

Da za ta tafi na sa aka kamo mata zabuwa. Ta ƙi karɓa. Ta ce in ta hau babur da zabuwar Alfa ana saura kwanaki jarrabawa, duk abin da yarinyar ta samu za a ce zabuwa ce ta samo mata. Na ji kunya, na kuma ƙara ganin girmanta.

Abin bai tafi sumul ba. Daga baya Madam ta ba ni labarin yadda suka yi da shugaban makarantar, wani dogon dattijo da ya kusa ajiye aiki, da ta nemi a bar Uwata ta rera karatunta a jarrabawa. Ya ce mata in kowane yaro ya zo da salonsa, me za a auna? Ta ce masa abin da aka ce su auna shi ne ko ido ya gane rubutu, kai kuma ya fahimta, ba a ce su auna santsin harshe ba. Ta ce ai akwai yaron da ba ya gani sosai, suna rubuta masa da manyan baƙaƙe, ba wanda ya ce an yi masa alfarma. Dattijon ya yarda, amma da sharaɗi. Shi zai zaɓo abin da za a karanta, daga littafin da yaran ba su taɓa gani ba, kuma ba Uwata kaɗai ba, duk ajin. Bayan karatu zai yi tambayoyi, mai son amsawa da baki ya amsa, mai son rubutawa a allo ya rubuta. Madam ta ce hakan ya fi mata.

Zango ba ta riƙe magana. Kafin mako ya zagayo, muna zaune a dakalin masallaci muna jiran magariba, wani abokina mahauci, wanda muka yi ƙuruciya tare, ya ce, "Alfa, na ji an buɗe ajin mawaƙa a lakwal. In ana neman makaɗi ka faɗa musu ina da tsohon kalangu."

Na ce, "Kai da ko kuɗin cinikinka sai an karanta maka, bari mawaƙa su yi karatunsu."

Aka yi dariya aka tashi. Amma maganar ta kai kunnen yaron nan da ya dawo daga tafiya, shi kuwa bai ɗauke ta wasa ba. Ya same ni a zaure.

"Baba, ba na son a ba ta maki don tausayi. In an tura ta gaba alhali ba ta iya ba, gaba ɗin za ta fi shan wuya, kuma a riƙa nuna ta ana cewa da waƙa ta wuce. Gara shagon."

"Ka taɓa zama ka ji karatunta?"

Ya girgiza kai, na ci gaba.

"Madam ta ce in kana gari ka zo ranar. Ba za su bar mu mu shiga ba, amma tagar ajin bulo ne mai huda. Kai ka yi lakwal, kana jin abin da ni ba na ji. In ka ji tausayi ne, ka kai ta Asigame, ba zan ce uffan ba."

Na faɗi haka ba tare da tabbas ba, domin ban san abin da dattijon zai zaɓo ba, ban kuma san ko muryar za ta fito a gaban yaran da suka saba yi mata dariya ba. Na dai yi abin da na iya, na kai kukana inda ake kaiwa.

Ranar jarrabawa muka tsaya a bayan ajin, ni da shi, kusa da mata masu sayar wa yara abinci. Ta hudar bulo ina hango shugaban a zaune da littafi, Madam a tsaye gefe. Aka fara kiran yara. Wasu da aka sani da zuba kamar ruwa sai ga su suna tafiya a hankali kamar mai taka ƙaya, domin yau babu hadda. Wasu kuma da ba a sa su a lissafi ba suka lallaɓa suka kai ƙarshe. Ɗan abokina mahauci yana cikin waɗanda suka yi gumi, na kuma yi niyyar ba zan taɓa tsokanar uban da wannan ba, ko da yake na sha kusa.

Aka kira Uwata. Ta miƙe, dattijon ya buɗe wani shafi ya miƙa mata. Ta tsaya. Shirun ya yi tsawo har na ji yaron nan ya sauke numfashi a kusa da ni. Madam ta ce mata wani abu a hankali, sai na ga ta koma ta zauna a kan benci, ta ɗora littafin a cinya yadda ake ɗora allo. Ashe tsayuwar ce ta hana ta, domin ba a rangaji a tsaye. Ta fara kaɗa jiki, muryar ta fito siririya. Wasu yara suka ƙyalƙyale. Dattijon ya ɗaga ido ya dube su sau ɗaya, suka haɗiye. Ta ci gaba, muryar tana ƙara ƙarfi. A wuri ɗaya ta tsaya, ta koma baya ta sake ɗaukar kalmar, ta wuce.

Na saci kallon ubanta. Ya manna goshi a jikin bulo, leɓɓansa suna motsi, yana bin ta.

"Me take cewa?" na tambaye shi.

"Labarin wani masunci ne da kwalekwalensa ya yi huda." Bai juyo ba. "Daidai take karantawa, Baba. Inda ta koma ɗin nan ma ni da na wuce shi da kuskure."

Da ta gama, dattijon ya yi tambayoyinsa, tana rubutawa a allo tana ɗagawa. Ya gyaɗa kai, ya sake gyaɗa kai, a ta ƙarshe ya girgiza. Ta kuskure wannan. Madam ta rubuta abin da ta rubuta, aka kira na gaba.

Da sakamako ya fito ba ta zo ta ɗaya ba, ba ta ma kusa ba. Tana tsakiyar aji, an rage mata na tambayar da ta kuskure, an rage na inda ta yi jinkiri. Madam ta ce mini ko ɗigo ba ta ƙara mata ba, kuma wannan ya fi mini daɗi a kan a ce ta zo ta ɗaya. Ta wuce aji da abin da yake nata.

Amma ni tun ranar jarrabawar na sami amsata. Da muka baro makarantar muka tsaya a bakin titi muna jiran motoci su rage, ni da yaron nan. Tsakanin uba da ɗan fari magana ba ta da yawa. Sai da muka ƙetara, muka shiga lungunmu, ya ce, yana kallon gabansa, "In an ga gwaggonta a faɗa mata ta nemi wata yarinyar."

Na ce za a faɗa mata.

Har yau Uwata tana i'ina. A ajin da ta shiga wani malami ne, namiji, kuma Madam da ƙafarta ta je ta yi masa bayani tun kafin a dawo daga hutu, ba mu roƙe ta ba. Ni ban da abin da zan biya matar nan da shi. Addininta daban, nawa daban, amma ta hau babur ta zo zauren tsoho don ta ji da kunnenta kafin ta yanke wa yarinya hukunci, ta kuma ƙi yarda da maganata sai da ta gwada. Ina roƙon Allah ya saka mata da alheri, ya tsare mata nata 'ya'yan, ya haɗa su da masu yi musu adalci a duk inda za a auna su.